Hoton Beyar Da Kifin Salmon: Yadda Ake Ɗaukarsa, Yadda Ake Tace Shi, Da Iyakar Da Ba A Ƙetarewa

Daga cikin hotunan namun daji da suka fi yawo a duniya, da wuya a sami wanda ya kai hoton beyar tsaye a bakin magangarar ruwa, baki buɗe, kifi ya yi tsalle yana shirin faɗawa tsakanin haƙoranta. Ana ganinsa a kalanda da bangon littattafai da fuskar kwamfuta, kuma yana yawan zagayawa a shafukan sada zumunta. Mafi yawan irin waɗannan hotuna a wuri ɗaya ake ɗaukarsu, wato magangarar ruwa ta Brooks da ke gandun dajin Katmai a jihar Alaska ta ƙasar Amurka.

Darajar wannan hoto ta ta'allaƙa ne ga abu guda: lamarin ya faru da gaske, a cikin wani ɗan taƙin lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma wani mutum yana wurin ya kama shi. Duk dabarun ɗauka da na tacewa da za a bayyana a nan hidima suke yi wa wannan gaskiya. Da zarar an rasa ta, abin da ya rage zane ne kawai.

Dabbar da kifinta

Beyar babbar dabba ce mai kaurin gashi da ƙarfin farata, wadda a yau babu ita a dazuzzukan Afirka. Nau'in da ake magana a kansa shi ne mai launin ruwan ƙasa, wanda ke zaune a arewacin nahiyar Amurka da Rasha da wasu sassan Turai da Asiya. Babban namiji a gaɓar tekun Alaska yakan haura kilo 450 a ƙarshen lokacin kiwo. Idan hunturu ya shigo, dabbar takan shige rami ta yi dogon barci na watanni ba ci ba sha, har takan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Saboda haka duk kitsen da za ta rayu da shi a wannan tsakani, sai ta tara shi a cikin 'yan watannin ɗumi. Macen da ba ta tara isasshen kitse ba, da wuya ta haihu ta kuma shayar.

Shi kuwa salmon, kifi ne da ake ƙyanƙyashewa a ruwan daɗi na koguna da tafkuna, ya gangara teku ya girma na tsawon shekara biyu zuwa uku, sannan ya juyo ya bi kogi yana yaƙi da igiyar ruwa har ya koma inda aka ƙyanƙyashe shi. A can yake zuba ƙwai, daga nan ya mutu. Nau'in da ya fi yawa a Katmai shi ne jan salmon, wanda ake kira sockeye, kuma mashigin tekun Bristol, inda kogunan yankin ke malalewa, shi ne ya fi ko'ina a duniya yawan irinsa. A shekarar 2022 hukumar kula da kifi da namun daji ta Alaska ta ƙiyasta cewa kimanin miliyan 79 ne suka dawo mashigin, adadi mafi yawa da aka taɓa rubutawa.

A kan hanyar wannan hijira ce magangarar Brooks ta tsaya. Tsayinta bai wuce mita biyu ba, amma ya isa ya sa kifin ya taru a ƙarƙashinta yana ta gwada tsalle. Beyar dabba ce mai son kaɗaici, ba ta cika jure zama kusa da 'yar uwarta ba, sai dai yalwar abinci a wannan wuri takan sa a ga goma, ashirin, wani lokaci fiye da haka, a waje ɗaya.

Inda ake ɗaukar hoton

An fara kare yankin Katmai a 1918, shekara shida bayan gagarumin aman wutar dutsen Novarupta na 1912, sannan aka ɗaga shi zuwa cikakken gandun daji na ƙasa a 1980. Faɗinsa ya kai kimanin eka miliyan huɗu, kuma an ƙiyasta cewa beyar kusan 2,200 ke zaune a cikinsa. Babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran ƙasar. Mai zuwa yakan hau jirgin sama daga birnin Anchorage zuwa ƙaramin garin King Salmon, daga nan ya shiga ƙaramin jirgi mai sauka a kan ruwa, ko kwalekwale mai inji, zuwa sansanin Brooks. Daga sansanin zuwa magangarar akwai tafiyar ƙasa ta kusan kilomita biyu a cikin kurmi, a kan hanyar da dabbobin su ma suke bi.

Kogin Brooks gajere ne, tsawonsa bai kai kilomita uku ba, kuma ya haɗa tafkin Brooks da tafkin Naknek. Lokutan da suka fi dacewa biyu ne. A watan Yuli kifin ke isowa da ƙarfinsa, jikinsa fari fat kamar azurfa, kuma a lokacin ne ake samun hoton tsalle. A watan Satumba kuwa kifin ya riga ya rikiɗe ya zama ja mai koren kai, ya zuba ƙwai, yana mutuwa, dabbobin kuma sun yi ƙiba suna tsintarsa a ƙasan kogi. Wannan bambanci yana da muhimmanci, kuma za a sake komawa kansa idan an zo batun launi.

Akwai wasu wuraren da ake irin wannan aiki, kamar kogin McNeil a Alaska, inda ake ba da izinin shiga ta hanyar ƙuri'a kuma mutum goma kacal ake bari a rana, da tafkin Kuril a yankin Kamcatka na Rasha, da kogunan gaɓar yammacin Kanada. Sai dai babu wanda ya kai Brooks suna.

Hoton da ya buɗe hanya

A watan Yulin 1988 wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Thomas Mangelsen, ya shafe kusan mako guda a kan dandamalin Brooks yana neman hoton da ya riga ya zana a zuciyarsa. Ya saita kyamararsa a kan kan wata beyar da ke tsaye a leɓen magangarar, ya ɗauke idonsa daga kyamarar ya zuba wa ruwan, yana latsawa da igiyar latsi duk lokacin da kifi ya taso. A wancan zamani da fim ake aiki, saboda haka bai san abin da ya samu ba sai bayan makonni da aka wanke hotunan. A cikinsu akwai wanda ya kama kifin a sama, saura ƙiris ya shige bakin dabbar. Ya sa masa suna Catch of the Day, ma'ana kamun yau.

Hoton ya yi kyau har mutane da yawa suka zaci haɗa shi aka yi. Amma manhajar Photoshop ba ta fito kasuwa ba sai a 1990, kuma fim ɗin asali yana nan a matsayin shaida. Tun daga lokacin dubban masu kyamara ke zuwa Brooks kowace shekara, da yawansu da wannan hoto a ransu.

Sanin halin dabba kafin sanin kyamara

Ɗan Adam yakan ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa tsakanin ganin abu da motsa yatsa, tsallen kifi kuwa ba ya jira. Wanda ya bari sai ya ga kifin a sama sannan ya latsa, sau da yawa fantsamar ruwa kawai zai samu. Shi ya sa ƙwararru ke fara aikinsu da kallo, su fahimci wace dabba ce ke tsayawa a ina, kuma ta wace hanya take kamun.

Kowace beyar da irin dabararta. Akwai mai tsayawa a leɓen magangara tana jiran kifi ya zo mata a iska, kuma ita ce ke ba da shahararren hoton. Akwai mai zama a cikin gurbin da ruwa ke zuba yana kumfa, ta danne kifin da ya bugi jikinta da ƙafar gaba. Wata takan ruga a guje cikin ruwa mara zurfi ta faɗa wa kifi, wata ta nutsa fuskarta tana dubawa a ƙarƙashin ruwa, wata kuma sana'arta ƙwace, ta jira wani ya kama ta far masa. Wurare masu kyau na manyan maza ne, ƙanana da mata masu 'ya'ya sukan tsaya a gefe ko a ƙasan kogi. Idan kifi ya yi yawa, manyan sukan ci fata da ƙwaƙwalwa da ƙwai kawai, inda kitse ya fi taruwa, su saki sauran ga ruwa, ƙanana da tsuntsayen teku su yi wawa a kansa.

Masu binciken gandun suna ba kowace dabba lamba, suna gane ta da siffar kunne da launin gashi da tabo da halayya, ba tare da sun maƙala mata wata alama a jiki ba. Wani tsohon namiji mai lamba 480, wanda aka fi sani da Otis, ya yi suna ne saboda zama wuri ɗaya na sa'o'i ba ya motsi, har kifi ya kawo kansa. Shi ne ya lashe gasar beyar mafi ƙiba sau huɗu, gasar da gandun ya fara a 2014 inda jama'a ke kaɗa ƙuri'a ta intanet. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma wannan ya shafi dabbar da mai kyamara baki ɗaya.

Haka nan kifin ba ya tsalle a ko'ina. Yana da wuraren da ruwa ya fi ba shi dama, kuma yakan zo ne rukuni-rukuni. Mai lura zai ga cewa kunnuwa da kan dabbar sukan karkata kafin kifin ya bayyana, domin ta riga shi ganin motsin ruwa.

Kayan aiki da saiti

Abu na farko shi ne dogon gilashi mai janyo nesa. A dandamalin Brooks, gilashi mai tsawon milimita 300 zuwa 500 yakan wadatar, kuma da yawa sun fi son mai zuƙowa da sakewa, irin na 100 zuwa 400, domin dabba na iya matsowa kusa ba zato. Wanda ya cika janyowa har kan dabbar ya cika hoton, zai iya yanke wutsiyar kifin. An fi so a bar fili a gaban bakinta, ta ɓangaren da kifin zai fito.

Abu na biyu shi ne saurin ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da take buɗewa haske ya shiga. Kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa zai iya tsayar da motsin dabbar, amma domin kifin da ɗigon ruwa su fito tsaf ana bukatar ɗaya cikin 2,000 ko fiye. Matsalar ita ce duk sa'ad da aka ninka saurin, hasken da ke shiga yakan ragu da rabi. Ana cike wannan gurbi ta hanya biyu: a faɗaɗa ƙofar haske ta gilashin, ko a ɗaga lambar ISO, wadda ke ƙara wa kyamara ƙarfin gani a duhu. Kowacce da tsadarta. Idan ƙofar ta buɗe sosai, zurfin abin da ke fitowa tangaran yakan ragu, sai idon dabbar ya fito kifin ya dusashe, shi ya sa ake yawan tsayawa tsakanin f/5.6 da f/8. Idan kuma ISO ya yi yawa, hoton yakan yi tsaki-tsaki. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a karɓi tsaki-tsakin, domin ana iya rage shi a kwamfuta, amma hoton da ya girgiza babu mai gyara shi.

Abu na uku shi ne daidaita haske, kuma a nan wurin yake da wuya. Gashin dabbar duhu ne, musamman idan ya jiƙe, ruwan da ke bayanta kuwa fari ne tas. Idan aka biye wa gashin, ruwan zai ƙone ya zama farin fili babu komai a cikinsa. Idan aka biye wa ruwan, dabbar za ta zama baƙar inuwa. Abin da ake yi shi ne a kare farin, a duba jadawalin haske da kyamara ke nunawa domin tabbatar da bai ƙure ba, sannan a buɗe duhun daga baya. Ranar da gajimare ya rufe sama ta fi ranar da rana ta take, domin tazarar haske da duhu takan ragu. A watan Yuli yini a wannan yanki yakan kai kusan sa'a 18, saboda haka akwai lokaci, sai dai ruwan sama da iska ba sa yin sallama, kuma dole a tanadi rigar kare kyamara da ƙyallen goge gilashi.

Abu na huɗu shi ne saitin gani. Kyamarorin zamani suna gane idon dabba su bi shi da kansu, amma fantsamar ruwa takan ruɗe su. Idan dabbar tana tsaye a leɓen magangara ba ta motsi, da yawa sukan saita gani a kan fuskarta su kulle, kamar yadda Mangelsen ya yi. Idan tana gudu, sai a sa saitin da ke bin abin da ke motsi. Ana kuma ɗauka a jere, hoto 20 ko 30 a daƙiƙa ɗaya, wasu kyamarori har 120. Wasu suna da dabarar ajiye hotunan da suka gabaci latsawa da rabin daƙiƙa ko daƙiƙa guda, abin da ke rufe giɓin nan na jinkirin yatsa. Wannan ya sauƙaƙa aikin ƙwarai idan aka kwatanta da zamanin fim mai ɗaukar hoto 36 kacal, amma bai kawar da bukatar sanin inda za a nufa ba.

A ƙarshe, ana ɗauka ne da tsarin RAW, wato ɗanyen fayil mai riƙe duk bayanan da kyamara ta gani. Amfaninsa biyu ne: yana ba da damar gyara haske ba tare da hoton ya lalace ba, kuma shi ne shaidar da za a nuna idan aka yi shakkar hoton.

Dokoki da haɗari

Duk wanda ya sauka a sansanin Brooks sai ya halarci gajeren darasi kan zama da beyar kafin a bar shi ya wuce. An haramta kusantar dabbar fiye da yadi 50, kimanin mita 46, sai dai a kan dandamalin da aka gina domin kallo. Ba a yawo da abinci, ba a gudu, kuma idan dabba ta kwanta a kan hanya, mutane ne ke jira. Dandamalin magangarar mutum 40 yake ɗauka, kuma idan an cika akan ba kowa ƙayyadadden lokaci ya sauka ya ba wani wuri. A tsakiyar lokacin cunkoso ba a yarda a baje maɗori mai ƙafa uku a kansa ba, sai sanda mai ƙafa ɗaya. Tun 2014 aka hana tashin jirage marasa matuƙa a gandayen daji na ƙasar Amurka.

Waɗannan dokoki suna da dalili. A watan Agustan 1996 beyar ta kashe Michio Hoshino, fitaccen mai ɗaukar hoto ɗan Japan, a bakin tafkin Kuril, duk da shekarun da ya yi yana aiki a Alaska. A watan Oktoban 2003 an kashe Timothy Treadwell da abokiyar tafiyarsa a wani lungu na gaɓar Katmai, bayan ya shafe shekara 13 yana zuwa yana kusantar dabbobin. Jami'ai sun harbe beyar biyu a wurin. A 2018 kyamarorin da ke watsa hoton magangarar kai tsaye a intanet sun nuna wani mutum ya shiga kogin kusa da dabbobin yana ɗaukar hoto da waya, kuma a 2022 kotu ta yanke masa da abokan tafiyarsa biyu hukuncin ɗaurin kwanaki da tara.

Haɗarin bai tsaya ga mutum ba. Dabbar da aka kora daga wurin kamunta ta yi asarar abincin da za ta yi hunturu da shi, wadda kuma ta saba da abincin mutane sau da yawa ƙarshenta harsashi ne. Saboda haka ƙungiyoyin masu wannan sana'a suka yi ittifaƙi a kan cewa lafiyar dabba tana gaba da hoto.

Aikin tacewa

Yini ɗaya a Brooks zai iya haifar da hotuna dubu da yawa, kuma aikin farko shi ne zaɓe. Ana duba abu huɗu: idon dabbar ya fito tangaran, kifin yana cikin hoton gaba ɗayansa, akwai ɗan rata tsakanin kifin da bakin ta yadda ido zai rarrabe su, kuma babu wani abu a baya da ke raba hankali. Sau da yawa hoton da ya gabaci kamun ya fi na kamun kansa ƙarfi, domin mai kallo yana jiran abin da zai biyo baya.

Daga nan sai a shiga manhaja irin su Lightroom ko Capture One, ko darktable wadda kyauta ce. Ana farawa da daidaita launin haske, domin ruwa a ƙarƙashin gajimare yakan karkata zuwa shuɗi. Sai a rage ƙarfin farin domin zaren ruwa da kumfa su bayyana, a buɗe duhun domin gashin ya nuna. Idan aka wuce gona da iri wajen buɗe duhu, dabbar takan fito kamar an liƙa ta a kan hoton, har a ga wani farin layi ya zagaye jikinta. Ana rage tsaki-tsaki a bayan hoton, a ƙara kaifi kaɗan a ido da haƙora da ɓawon kifin. Manhajojin rage tsaki-tsaki na zamani suna da ƙarfi, amma idan aka sake musu sukan mayar da gashi sumul kamar roba, wani lokaci ma su ƙirƙiro zaren da babu shi. Datse gefen hoto domin gyara tsari abu ne da kowa ya amince da shi, haka ma goge ɗigon ƙurar da ta maƙale a cikin kyamara.

Batun launi yana bukatar kulawa ta musamman. Kifin da ke tsalle a watan Yuli fari ne, kuma wanda ya ƙara masa ja domin ya burge ya sauya bayanin da hoton ke ɗauke da shi game da lokaci da yanayin kifin. Haka batun tabo. Namijin nan mai lamba 32, wanda ake kira Chunk kuma ya lashe gasar ƙiba ta 2025 da karyayyen muƙamuƙi, da tabon da ke kan hancinsa ake gane shi. Wanda ya goge tabon domin hoto ya yi tsabta ya goge sunan dabbar.

Aikin ƙarshe shi ne rubuta bayani a jikin fayil ɗin: wuri, rana, nau'in dabba, da sunan mai ɗauka. Idan dabbar ta gidan ajiya ce, dole a faɗa.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Ƙa'idar kamfanonin dillancin labarai da manyan gasannin hoto ɗaya ce: ana iya gyara haske da launi daidai gwargwado, amma ba a ƙara komai a cikin hoto, ba a cire komai, ba a matsar da komai. Jarabar da ke gaban mai hoton beyar a fili take. Yana da hoto ɗaya da bakin ya buɗe da kyau amma babu kifi, da wani da kifin ya fito da kyau amma dabbar ta kau da kai, kuma haɗa su aikin minti biyar ne. Wanda ya haɗa ya gabatar da shi a matsayin abin da ya faru, ya yi ƙarya.

Tarihin sana'ar cike yake da waɗanda suka gwada. A 1982 mujallar National Geographic ta matsar da dalar Giza ta Masar kusa da juna domin hoton ya shiga bangonta, kuma har yau ana ba da misali da wannan. A 2010 gasar hoton namun daji ta gidan tarihin halittu na Landan ta ƙwace kambunta daga hannun wanda ya lashe ta a 2009, bayan alƙalai sun gamsu cewa kerkecin da ke hotonsa horarre ne da aka ɗauko haya. A 2018 gasar ta sake soke wani hoto da ya yi nasara, bayan masana sun yanke cewa dabbar da ke cikinsa matacciya ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto da ya goge kyamarar abokin aikinsa daga gefen hoton yaƙin Siriya. A 2015 kuwa gasar World Press Photo ta fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. Shi ya sa manyan gasanni ke neman ɗanyen fayil kafin su ba da kyauta.

Haɗa hotuna domin ado ko talla ba laifi ba ne, muddin an bayyana cewa haɗawa aka yi. Laifin yana cikin ɓoyewa.

Zamanin ƙirƙirarriyar basira

A yau manhajar ƙirƙirarriyar basira tana iya zana beyar da kifi da magangarar ruwa cikin daƙiƙoƙi, ba tare da kowa ya taka Alaska ba. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ƙi karɓar kyautar gasar hoto ta Sony bayan ya bayyana cewa na'ura ce ta ƙirƙiri hoton da ya ci. A wannan shekarar ce kamfanin Leica ya fitar da kyamara ta farko mai sa hatimin asali a jikin kowane hoto, wanda ke nuna inda ya fito da gyaran da aka yi masa, kuma wasu kamfanonin sun bi sahu.

Mai karatu da ya ci karo da irin wannan hoto a waya yana da abubuwan da zai duba. Beyar tana da farata biyar a kowace ƙafa. Gashin dabbar da ke kamun kifi a jiƙe yake, a cukurkuɗe, kuma a watan Yuli da yawansu ramammu ne suna zubar da tsohon gashi. Hoton da ya haɗa dabba mai ƙiba da busasshen gashi mai sheƙi da jan kifi jawur a sama, abin a tsaya a bincika ne. Hoto na gaskiya kuma yakan zo da sunan mai ɗauka da wuri da rana, kuma ana iya bin sawunsa ta hanyar neman hoto a intanet.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma wannan magana ta dogara ne ga amanar wanda ya nuna. Wanda yake son ganin lamarin da idonsa ba sai ya yi tafiya ba: tun 2012 shafin explore.org, tare da haɗin gwiwar hukumar gandun, yake watsa hoton magangarar Brooks kai tsaye a watannin kamun kifi. Mai kallo zai iya shafe sa'a guda yana ganin kifi na wuce bakin dabbar sau da yawa kafin ta kama ɗaya, kuma daga nan zai gane abin da hoto ɗaya na gaskiya ya ci.